Tawadar da na saya tana bazuwa a takarda, ko jabu ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min, na sayi tawada shuɗiya ta alƙalami mai shan tawada saboda hoton da na gani, rubutun yana da duhu a wani wuri da haske a wani wuri har da wani ja-ja yana ƙyalli a gefen haruffa. Amma da na zuba na yi rubutu a littafina sai ta baje ta fitar da gashi-gashi kuma ta ɓullo ta bayan takardar, ƙyallin ma ban gan shi ba. Ko jabu aka ba ni?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka zubar da ita tukuna, ni dai takardarka nake zargi.

Ka ga irin wannan tawadar yawancinta ruwa ne da rini, ba kamar ta biro ba mai kauri da maiƙo, to idan takarda mai shan ruwa ce sai zarurrukanta su tsotse ta su ja ta gefe da gefe, shi ne gashi-gashin da ka gani. Shi kuwa ƙyallin nan sai tawada ta zauna a saman takarda ta bushe a hankali rinin ya taru sannan yake fitowa, shi ya sa shuɗi mai yawan rini ke ba da ja idan ka karkata takardar wajen haske. Wadda ta riga ta shige ciki ina za ta yi ƙyalli?

Kuma ba kauri ba ne magana. Takardar Tomoe River ta Japan mai nauyin giram 52 a kowane murabba'in mita siririya ce sosai har kana hango inuwar rubutu ta baya, amma da wuya tawada ta ratsa ta, alhali takardar fotokwafi mai giram 80 sau da yawa sai tawada ta baje a kanta. Yadda aka gyara fuskar takardar ne. Takardar Rhodia ma tana riƙe tawada da kyau.

Sai bakin alƙalami. Siririn baki ba ya zubo tawada da yawa balle ta taru a gindin harafi ta yi duhu, mai faɗi shi ke nuna wannan, kuma gaskiya abin yana da daɗin kallo. Sai dai bushewa za ta ɗau lokaci. Gwada da kanka, ja layuka uku, ka goga yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 5, na biyu 15, na uku 30, za ka san halinta.

In kuma dole a littafin nan za ka riƙa rubutu, nemi siririn baki da tawadar da ba ta cika gudu ba irin Pelikan 4001. Amma dan Allah kar ka kuskura ka zuba tawadar zane wadda ake kira India ink wai dan ta fi kauri, akwai danƙo a cikinta da zai bushe ya toshe hanyar alƙalamin, wankewa kuma sai an sha wahala.