Tambaya da Amsa: Lemon 'ya'yan itace na haɗin gida a lokacin zafi

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda zafin nan ya kankama kusan duk saƙon da ya shigo min akan abu ɗaya yake, wato lemon haɗin gida, wasu na neman yadda ake yi wasu kuma sun yi ya ba su matsala. Na zaɓo guda biyar, in taki ko taka bata fito ba ayi haƙuri, inaga za'a samu amsar a cikin waɗannan.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni amarya ce, ina haɗa lemon kankana da abarba amma kullum sai ya fito lami kamar an wanke kwanon kankana, in na ƙara suga kuma sai zaƙin ya yi yawa har ya gundiri mutum. Dan Allah a ina nake kuskure?

AMSA: Ƙanwata barka kadai, Allah ya sanya alheri. Tun kafin ki faɗa na san abu biyu kike yi, kina zuba ruwa a blenda tare da kankanar, sannan bakya sa tsami. Ita kankana kusan kashi 92 cikin 100 ɗinta ruwa ne, to kinga in kika ƙara mata wani ruwan kuma kika zo kika jibga ƙanƙara a kai, ai ruwa uku kenan kika tara a jug ɗaya, ɗanɗanon ba zai tsaya ba. Shi kuma suga baya gyara lami, zaƙi kawai yake ƙarawa, abinda ke tada ɗanɗanon 'ya'yan itace shine tsami da ɗan gishiri.

Ga yadda nake nawa. Na farko ki wanke bayan kankanar tas kafin wuƙa ta taɓa ta, zan faɗi dalili a ƙasa. Ki yanka ki cire 'ya'yan iya yadda zaki iya, ki auna kofi 4, abarba kofi 1, ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa ki kankare bayan. Ki zuba kankanar a ƙasan blenda sauran a sama, kar ki sa ruwa ko ɗigo, da kin kunna zaki ga ita da kanta ta saki ruwan da zai ja sauran. Kar ki barshi yana ta juyawa, sakan 30 zuwa 40 ya isa, don in ya daɗe injin yana ɗumama lemon kuma ragowar 'ya'yan kankanar su niƙe su ba shi wani bauri-bauri. Ki tace da rariya, ki matse lemun tsami guda 2 a kai, gishiri ɗan abinda yatsu biyu zasu tsinka, ki juya sannan ki ɗanɗana. Wallahi sau da yawa a nan zaki tsaya, in kankanar ta nuna sosai baki buƙatar suga kwata-kwata.

In kuma kin ji yana so, kar ki zuba suga gari a cikin abu mai sanyi, baya narkewa da wuri, kwanciya yake a ƙasa shiyasa kofin farko ba zaƙi na ƙarshe kuma kamar alewa. Ki dafa suga kofi 1 da ruwa kofi 1 har ya narke, ya huce ki zuba a kwalba mai tsafta ki sa a firij, duk sanda zaki haɗa lemo sai ki riƙa ɗiba cokali-cokali kina ɗanɗanawa. Kuma ki ɗanɗana bayan ya yi sanyi, don harshe baya jin zaƙin abu mai sanyi kamar yadda yake jin na mai ɗumi.

Maganar ƙanƙara kuma, abinda na fi so shine ki yanka kankanar ko abarbar ƙanana ki shimfiɗa a faranti ki sa a firiza, in sun daskare su zaki jefa a kofi a madadin ƙanƙara, suna narkewa suna ƙara ɗanɗano maimakon su tsinka miki lemo. Na'ana'a in kina so, ganye 6 zuwa 8, ki ɗan murza a tafin hannu har ki ji ƙamshin ya tashi ki jefa a jug ɗin, bana son niƙa ta don tana canza kalar zuwa wani ruwan ƙasa-ƙasa mara kyan gani. Mangwaro shi dokarsa daban ce, yana da kauri, kofi 1 na tsokarsa zai ɗauki ruwa kofi 2 hankali kwance. Wani abu kuma wajen saye, mangwaro da ayaba da gwanda suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, amma abarba da kankana basa ƙara zaƙi, yadda kika sayo su haka zasu zauna. Don haka ki shinshina gindin abarba ki ji ƙamshi, kankana kuma ki ɗaga ki ji nauyi ki duba wajen da ta kwanta a ƙasa, in ya yi rawaya ta nuna, in fari ne fat ki ajiye musu abarsu.

TAMBAYA: Salam Anti. Na haɗa abarba da madara na sa a firij don baƙi, kafin su zo ya yi ɗaci ya yi gudaji-gudaji, naji kunya sosai. Haka ma lemun zaƙi in na matse da daddare zuwa safe sai ya yi ɗaci. Ko firij ɗina ne?

AMSA: Yar uwa firij ɗinki lafiyarsa ƙalau, kuma ba hannunki bane. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira buromelin, aikinsa shine farfasa furotin, shine ma yake sa harshe ya riƙa yi miki zafi-zafi in kika ci abarba da yawa. To madara cike take da furotin, da kin haɗa su ya fara aiki, tsamin abarbar yana sa madarar ta yi gudaji shi kuma yana yanka furotin ɗin zuwa ƙananan gutsattsari masu ɗaci, sanyi yana rage masa gudu ne kawai baya tsayar da shi. Gwanda ma tana da irin nata mai suna fafen, kiwi ma haka. Mafita biyu ce, ko dai ki haɗa a sha nan take cikin 'yan mintuna, ko ki ɗora yankakkiyar abarbar a wuta ta tafasa kamar minti 5 ta huce sannan ki niƙa, zafi yana kashe sinadarin. Abarbar gwangwani shiyasa bata wannan matsalar, an riga an dafa ta. Ni dai ra'ayina a lokacin zafi ki bar madarar ma gaba ɗaya, tana sa lemo nauyi, mutum ya sha kofi guda ya ji ya ƙoshi amma ƙishin na nan.

Na lemun zaƙi kuma wani sinadarin ne daban, limonin. A cikin lemun da ba'a matse ba yana nan a wata siffa mara ɗaci, sai an matse ya haɗu da tsamin ruwan sannan a hankali cikin awanni ya koma mai ɗaci, wasu irin lemun sun fi wasu yawansa. Don haka ruwan lemun zaƙi na yanzu-yanzu ne, ki matse a sha. In a blenda zaki niƙa ki tabbatar kin cire 'ya'yan da farin ɓawon nan na ciki, su ma ɗaci ne da su. Tunda muna kan canzawar lemo bari in ƙara da tuffa da ayaba, su baƙi suke yi da zarar iska ta taɓa su, ki matsa musu lemun tsami tun kina yankawa zasu daɗe da haskensu.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni magidanci ne, na hana lemon kwalba a gidana, yanzu uwargida tana haɗa na 'ya'yan itace kullum yara suna sha yadda suke so har da jaririyarmu 'yar wata 8. Ina ganin tunda na gida ne ba matsala ko?

AMSA: Malam ina amsawa, kuma ka yi ƙoƙari da ka damu da abinda iyalinka ke sha. Amma gaskiya akwai gyara, musamman akan jaririyar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2017 ta ba da shawarar kada a ba yaron da bai kai shekara 1 ba ruwan 'ya'yan itace sam, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kar ya wuce kamar mililita 120 a rana, wato wajen rabin kofi. Cikin jariri ƙarami ne, in lemo ya cika shi nono da abincin da zai gina jikinsa basu da waje, ga shi yana iya sa zawo. Zuma ma kar a sa wa ɗan ƙasa da shekara 1, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai isa ya yaƙe ta ba. Gara a dama mata ayaba ko gwanda a bata da cokali.

Su manyan yaran da ku kanku, abin lura shine da zarar an matse ɗan itace an tace an zubar da tuƙar, zaƙin da ke ciki yana shiga jini da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2015 ta lissafa sugan ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da sugan da ake zubawa da zuma, ta ce kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in an iya ma a sauko ƙasa da kashi 5, wanda ga babba ya kama kamar giram 25, ƙaramin cokali 6 kenan. Ka duba lemun zaƙi nawa ake matsewa kafin kofi ɗaya ya cika, uku ko huɗu, wanda da ɓarewa aka yi aka ci da wuya yaro ya gama biyu. Ba cewa nake a daina ba, a'a, uwargida ta riƙa sirka wa yara rabi lemo rabi ruwa, ta rage tacewa, a sha tare da abinci kofi ɗaya, sauran yinin kuma ruwa. In akwai mai ciwon suga a gidan ya tambayi likitansa tukuna.

TAMBAYA: Anti nakan haɗa da yawa in ɗura a gorori saboda kwana uku ko huɗu. Jiya na buɗe wata sai naji ta yi tsss, gorar ma ta kumbura, amma ƙamshin bai canza sosai ba. Za'a iya sha?

AMSA: A'a ƙanwata, zubar da shi, dan Allah kar ki ba kowa. Wannan ƙarar da kumburin alama ce ƙwayoyin yis da bakteriya sun fara cin sugan suna fitar da iska, lemon ya fara ruɓa kenan ko da hanci bai kama ba tukuna. Lemon gida ba'a dafa shi ba kuma ba maganin hana lalacewa a ciki, shiyasa nake cewa a haɗa na yau a sha yau, in ya kwana to a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, a rufe, kuma kar ya wuce kwana 2. A waje kuwa awa 2 ne iyakarsa, in zafin gari ya haura digiri 32 awa 1 ne kacal. Na kankana ya fi kowanne saurin lalacewa don ba shi da tsamin da zai kare shi. In dole sai kin yi da yawa ki daskarar a firiza, ki bar ɗan fili a saman gorar don ruwa yana ƙara girma in ya daskare.

Ga dalilin wanke bayan kankana da na ce zan faɗa. A ƙasa take kwance tun daga gona, hannaye da yawa sun taɓa ta, wuƙa kuma in ta ratsa ɓawon duk abinda ke kai tana shigar da shi cikin tsokar. A 2011 a Amurka cutar listeriya ta ɓarke ta hanyar wani dangin kankana mai kaushin baya da ake kira kantalof, mutum 33 suka rasu. Wanki da ruwa mai tsafta da ɗan gogawa minti ɗaya ne. Haka ƙanƙara, daskarewa bata kashe ƙwayoyin cuta, in ruwan da aka yi ta da shi ba na sha bane to ita ma ba ta sha bace. Gororin ma a wanke da sabulu har murfin su bushe, kuma kar a bar lemo mai tsami ya jima a tukunyar alminiyam, yana ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. In kuma kin ga lemon kankana ya rabu biyu, ja a ƙasa ruwa a sama, ba tare da kumburi ko tsami ba, wannan ba lalacewa bane girgizawa kawai zaki yi.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce bani da blenda, ya zanyi?

AMSA: 'Yata blenda ba dole bace. Kankana ki zuba a rariya ki ɗora akan kwano ki danna da bayan ludayi, minti biyar kin samu kofi biyu. Abarba da citta ki goga a abin goga ki matse a kyalle mai tsafta, lemu kuma hannu ya ishe shi, ki ɗan mulmula shi akan tebur kafin ki yanka zai fi ba da ruwa. In ma kin gaji ki yanka kokwamba da lemun tsami sirara ki jefa a jug ɗin ruwan sanyi da na'ana'a ki barshi awa ɗaya, yana kashe ƙishi sosai. Sai dai in kin matse lemun tsami da hannu ki wanke da sabulu kafin ki fita rana, ruwansa da man ɓawonsa in suka zauna a fata rana ta dake su suna iya ƙona wajen, ya yi ja ko ya ɗuri ruwa daga baya ya bar baƙin tabo da zai ɗauki makonni ko watanni kafin ya goge.