Ƙafa za a yi wa aiki, me ya kawo maganar numfashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. A unguwar Birni muke, nan Damagaram. Bara kabu-kabu ya kaɗe mahaifina, mai shekara 67, ya karye a cinya. An kai shi wurin mai ɗori, ƙashin bai kama daidai ba, yanzu an ba mu rana nan da wata guda za a yi masa aiki a sa ƙarfe. An ce kafin ranar ya daina sigari, ya kuma riƙa horar da numfashinsa. Baba ya ce shi ƙafa ke damunsa, ƙirjinsa lafiya lau. Shin akwai amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Amfani akwai shi, domin abin da ya fi kwantar da dattijo bayan aikin ƙashi sau da yawa a ƙirji yake farawa.

A ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki. Shi ke aiki irin na zugazugin maƙeri: ya sauka iska ta shiga, ya hau ta fita. In mutum ya kwanta rigingine, kayan ciki kan tura shi sama. Allurar barci da magungunan kashe zafi masu ƙarfi kuma su sa numfashi ya zama sama-sama. Sai gindin huhu ya lotse, majina ta taru a inda iska ba ta kaiwa, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da tari su biyo, a ce limoniya ce. Ko da allurar baya za a yi masa, wadda ke kashe ƙafafu kawai yana ji yana gani, kwanciyar tana nan. Ga shekaru, ga sigari, ga shekara guda yana ɗingishi bai motsa jiki sosai ba.

Tsokar nan tana ƙarfi in an ba ta wahala, kamar kowace tsoka. Akwai ƴar na'ura da ake sa wa a baki, a toshe hanci, ba ta buɗewa sai an ja iska da ƙarfi. Akan fara da kashi 30 cikin ɗari na iyakar ƙarfin jan mutum, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, minti 15 zuwa 20 kullum, aƙalla sati biyu. A 2006 an wallafa sakamakon gwajin wannan da aka yi a ƙasar Holan kan mutum 279 masu jiran aikin zuciya: matsalar huhu ta sami kashi 18 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon, ta sami kashi 35 na waɗanda ba su yi ba. Sai dai ka lura, hujja mai ƙarfi daga aikin zuciya da na ciki ta fito, inda wuƙa ke bi kusa da huhu. A aikin cinya ribar ba za ta kai haka ga kowa ba. Matashi mai ƙoshin lafiya ba zan matsa masa ba. Irin Baba kam, zan matsa.

In na'urar ba ta samu ba, kada ku zauna jira. Ya zauna a kujera, hannu ɗaya a kan cibiya, ya ja iska ta hanci a hankali har hannun ya ɗaga, ya riƙe ya ƙirga uku, ya saki ta baki a tsuke. Sau goma, sannan tari mai ƙarfi biyu. Ku ɗaura masa shi da salloli biyar don kada ya manta. Wannan bai kai na'urar gina tsoka ba, amma abin da za a nema gare shi ke nan kowace awa bayan ya farfaɗo, kuma wanda zafi ya dama ba ya koyon sabon abu. Hura balan-balan da wasu ke sa majinyata, fitar da iska yake horarwa, mu kuwa shigar da ita muke nema.

Sigari ya ajiye shi yau ɗin nan. Sati huɗu sun isa a ga bambanci a huhu, kuma taba na jinkirta haɗewar ƙashi, abin da tuni ya ba ku wahala. A raba shi da hayaƙin murhu, in hazo ya sauka ya rufe hanci.

Kafin ya taɓa na'urar, a shaida wa likitan da zai ba shi allurar barci in yana da asma mai tashi, ciwon zuciya, fashewar dodon kunne, ko iska ta taɓa taruwa masa a ƙirji. Tarin da ya wuce sati biyu kuwa, a gwada kaki tukuna saboda tarin fuka.

Ga sauran masu karatu: wannan na aikin da aka sa wa rana ne. Tsohon da ya faɗi yau ya karye a ƙugu ba a jinkirta masa aiki don horo, cikin awa 48 ake so a yi. Shi kuma Baba, da zarar likitan ƙashi ya ba da izini, ko da washegari ne, ku taimaka masa ya zauna a bakin gado. Ƴan dubiya za su ce a bar tsoho ya huta. Ku ba su haƙuri, ku ɗaga shi.