Amsa ga mai tambaya kan bok choy da rutabaga

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin zuba bok choy (wani ganye dangin kabeji) da rutabaga (wani dunƙulallen tushe mai tauri) lokaci guda a miya, bayan minti 20 ganyen ya narke ya cika tukunya da ruwa, ita kuma rutabagar ta ƙi nuna, ga ɗan ɗaci. Ba hannunki ba ne. Bok choy minti 4 zuwa 5 ya ishe shi, rutabaga kuwa sai ta sha wuta minti 30 zuwa 40, har ta fi dankalin turawa taurin kai. Ba a haɗa su a tukunya tun farko.

Bari mu fara da rutabagar tunda ita ce mai wahala. A Ingila swede ake ce mata, don kada ki je kanti ki rasa ta. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, wadda ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba, don manyan sukan yi zare-zare a ciki kuma sun fi ɗaci. Wadda ake sayarwa a Amurka da Kanada sau da yawa an shafe ta da kaki irin na kyandir don kada ta bushe, wanki ba ya fitar da shi. Ki datse sama da ƙasa da babbar wuƙa, ki zaunar da ita a katako don kada ta mirgine ta yanke ki, sannan ki fere da kauri kamar yadda ake fere doya. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani layi mai ɗan kore-kore, ki ci gaba da ferewa har sai ruwan ɗorawar nan ya fito sosai. Yawancin ɗacin da kika ji daga nan yake.

Ki yanka ta daidai girman dunƙulen magi ko ta ɗan ɗara. Ki zuba a ruwan sanyi da gishiri ƙaramin cokali 1, idan ta tafasa ki rage wuta, ki ɗan janye murfin. Dangin kabeji ce, in aka rufe ta ruf warin nan nata a cikin abincin yake komawa. Idan cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ta yi. Ki tsane a kwando, ki mayar tukunya a kan wuta kaɗan minti 2 ruwan jikinta ya ƙone. Wanda ya tsallake wannan, in ya zo dama ta sai ta koma kamar kunu.

A ganina ta fi daɗi in an haɗa ta rabi da rabi da dankalin turawa ko karas: rabin kilo na kowanne, bota babban cokali 2, masoro da gishiri, a murƙushe. Dankalin sai rutabagar ta yi minti 15 a wuta kafin ya shiga. A farfesun naman sa ma tana tafiya, ki sa ta saura minti 35 a sauke. Amma kada ki ce za ta maye miki kabewa a miyar taushe, ba ta narkewa irin haka kuma ɗanɗanon ya sha bamban.

Shi bok choy abu biyu ne a jiki ɗaya, farin kara mai ruwa da koren ganye mai laushi. Ki ɓare shi ɗaya-ɗaya ki wanke gindin karan da yatsa, nan yashi yake maƙalewa, ya fi na alayyahu ɓuya. Ki tsane shi sosai, in da hali ki goge da tsumma mai tsafta. Jiƙaƙƙen ganye a kasko dahuwa yake yi, ba suya ba.

Ga rabin kilo: mai babban cokali 2, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa, attaruhu 1 in kina so. Kasko mai faɗi, wuta sosai. Tafarnuwa da citta sakan 20 kawai, in suka yi baƙi sun ɓata komai. Karan da kika yanka ya shiga ya yi minti 2 zuwa 3 kina juyawa, sannan ganyen minti 1. Gishiri kaɗan, ko soya sos babban cokali 1, a ƙarshe, domin gishiri da wuri shi ke jawo ruwan waje. In kaskon ƙarami ne ki raba suyar biyu.

To in lallai a tukunya ɗaya kike son su, kamar miyar da kika yi, rutabaga ta fara shiga cikin romon. Sai ta nuna lugub ki zuba karan bok choy, bayan minti 3 ki kashe wuta ki watsa ganyen a sama ki rufe, zafin tukunyar zai ƙarasa shi. Ki rage ruwan miyar da kamar rabin kofi tun farko saboda wanda zai saki.

Ragowar bok choy kada ki wanke shi kafin ki sa a firij, kuma ki yi amfani da shi cikin kwana 3 zuwa 4. Rutabagar da ba a yanka ba tana kai mako 2 zuwa 3 a firij lafiya lau.