Bakin Inna ya karkace ya kuma dawo daidai, ko mu kwantar da hankali?

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Mabera nake rubuto miki, a nan Sakkwato, kan mahaifiyarmu mai shekara 62. Shekara uku ke nan da aka ce tana da hawan jini, amma tun bayan ƙaramar salla ta ajiye maganin, wai yana kumbura mata ƙafa, kuma ai ba ta jin ciwon komai. Shekaranjiya da hantsi tana dama fura sai ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, magana ta sarƙe mata kamar ta mai magagin barci. Bayan kamar minti goma sha biyar komai ya dawo daidai, har ta yi alwala da kanta. Yayanmu ya ce iska ce, a nemo rubutu da hayaƙi. Ita kuma ta ce zafin rana ne, kada a ɓata kuɗi. Ni ce auta, ban san yadda zan ja da maganar manya ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

'Yarki daga Mabera

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya yi miki albarka da kika ƙi yin shiru. Ku kai ta asibiti yau, kada ku ce sai gobe.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Ɗan gudan jini ne kan toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sai wurin da jinin ya yanke wa ya daina aiki. Idan gudan ya narke ko ya wuce da wuri, mutum ya dawo garau. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannun dama, kuma a wurin yawancin mutane can ne magana take, shi ya sa hannun da harshen suka tafi tare suka dawo tare. Zafin rana kan sa jiri da kasala a jiki duka, ba ya zaɓar hannu ɗaya. Dawowar da ta yi ba warkewa ba ce, domin abin da ya haifi gudan jinin yana nan. Haɗarin samun cikakkiyar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko, musamman kwana biyun farko, ku kuwa har kun cinye su ba a duba ta ba.

Ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Ki tafi da kwalin maganin da ta ajiye da duk wani abin da take sha, har na gargajiya. Ki faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya fara, minti nawa ya ɗauka, wane hannu ne, da yadda maganar ta koma. Za a auna jininta da suga, domin faɗuwar suga ma kan kwaikwayi wannan ciwo. Za a duba bugun zuciya, saboda zuciyar da ke bugawa ba bisa tsari ba kan tara gudaji ta tura su ƙwaƙwalwa. Mai yiwuwa a nemi hoton ƙwaƙwalwa. Hoton ne ke raba toshewar jijiya da fashewarta, kuma maganinsu ya saɓa. Saboda haka kada kowa ya sayo mata asfirin a kemis: mai toshewa yana taimaka masa, mai zubar jini a ƙwaƙwalwa kuwa ƙara masa zubar yake yi. Likita ne zai yanke wannan.

Ga abin da nake so kowa a gidan ya iya, har yara masu wayo. Idan kun ga wani canji, ku ce ta yi murmushi, ku duba ko gefe ɗaya na bakin ya zube. Ku ce ta miƙe hannuwa biyu gaba ta riƙe kamar daƙiƙa goma, ku ga ko ɗaya yana sauka da kansa. Ku ce ta karanta Fatiha ko ta faɗi sunayen jikokinta, ku saurari harshen. Ko ɗaya ne daga cikin ukun ya samu, ku dubi agogo ku fita. Haka ma idan ido ɗaya ya dushe farat ɗaya, ko tana ganin abu biyu-biyu, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ko wani ciwon kai mai tsanani ya sauko mata wanda ba ta taɓa jin irinsa ba. Agogon yana da muhimmanci domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

A irin wannan hali kada a ɗura mata komai a baki, ko ruwa ko fura ko rubutu. Shanyewa kan taɓa haɗiya, sai abin ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo wani ciwon daban. Ku kwantar da ita a gefenta, ku sassauta mata tufafi. Kada a ƙara mata ƙwayoyin hawan jini don a sauke shi da gaggawa, saukar jini farat ɗaya na iya ƙara wa ƙwaƙwalwar yunwar jini. Ku ɗauke ta a mota ko Keke Napep, ba a kan kabu-kabu ba, domin ɓarin da ya mutu ba ya riƙo.

Maganar ƙafa kuwa, Inna tana da gaskiya. Akwai maganin hawan jini, amlodifin, da aka san shi da kumbura idon sawu. Amma magungunan suna da yawa, likita na iya rage shi ko ya canza mata wani. Hawan jini ba ya sallama, awon jinin mutum na iya kai 180 yana cin tuwonsa lafiya lau. Ku sayi na'urar awo ta damtse. Ta zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan teburi daidai ƙirji, a auna sau biyu safe da yamma, ki rubuta a littafi. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye, ku nuna wa likita. Idan ya kai 180 bisa 120, asibiti a ranar. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire suna cikin lissafin. Idan tana shan diklofenak don ciwon gwiwa, ki faɗa wa likita, yana ƙara hawan jini.

Shi kuma yayanku, kada ki yi musu da shi kan iska, kuma kada ki yi masa maganar a gaban mutane. Ki keɓe shi ki ce, "Yaya, a ci gaba da addu'a da tofi, amma don Allah mu kai ta a auna ta yau, kai ma hankalinka ya kwanta." Idan ya ƙi, ki nemi kawunku ko wata gwaggon da Inna ke jin nauyinta, ki nuna musu wannan amsa. Ita Inna ki gaya mata kuɗin awon yau bai kai na jinyar wata guda a kwance ba. Kafin ku ga likita kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki, ko da dare ne.