Amsa: Garba da Abubakar suna ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ka ce a gida Garba ake kiran kakanka amma a takardunsa Abubakar aka rubuta, kana tambaya ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne ko kaɗan. Galibi Garban da ka gani, Abubakar aka raɗa masa ranar suna, haka ma Habu. Fulani su ce Buba, Barebari su ce Bukar.

Asalin sunan Larabci ne. "Abu" uba, "bakr" kuma matashin raƙumi, wanda Balarabe ke ji da shi cikin dukiyarsa. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, ga Sayyidina Abubakar kansa alkunya ce, sunansa na yanka Abdullahi ɗan Abu Ƙuhafa. Shi ne halifan farko, daga 632 zuwa 634, kuma saboda yadda ya gaskata Annabi (SAW) aka yi masa laƙabi da Siddiƙu. Shi ya sa za ka ji uwa ta leƙo tsakar gida tana ƙwala kiran "Sadiƙu!", alhali yaron Abubakar ne a rajistar makaranta.

Ni dai ina ƙaunar sunan nan, yana da kwarjini a baki. Dubi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988.

Shawarata, wajen cika takardar banki ko fasfo ku tsaya kan wanda ke rubuce a katinsa, kada a gauraya.