An kama ni a zanga-zangar Basalona, ko dokar afuwa ta shafe ni?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Shekarata 12 a Basalona. A watan Oktoban 2019 na bi abokan aikina zanga-zangar da ta ɓarke bayan an ɗaure jagororin neman 'yancin Kataloniya, yankin Sifaniya da Basalona take ciki. Aka kwashe mu, kotu ta yanke mini wata shida na je-ka-gyara-halinka bisa laifin tada tarzoma. Yanzu ina son neman zama ɗan ƙasar Sifaniya. Ina mafita?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, akwai ƙofa. Dokar afuwar da ta fara aiki a watan Yunin 2024 ta yafe laifuffukan da suka shafi fafutukar ɓallewar Kataloniya daga 1 ga Nuwamban 2011 zuwa 13 ga Nuwamban 2023, kuma ba ta ware baƙo ba. Tarzomar da ta biyo bayan ɗaurin shekara 13 da Kotun Ƙoli ta yi wa Oriol Junqueras, tsohon mataimakin shugaban gwamnatin Kataloniya, tana ciki.

Kada labarin Carles Puigdemont, tsohon shugaban gwamnatin Kataloniya, ya ruɗe ka. Shi Kotun Ƙoli ta ƙi yafe masa ne a 2024 kan zargin karkatar da kuɗin gwamnati, kai kuwa ba baitulmali aka ba ka riƙo ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardar hukuncinka. Ɗauko ta ka karanta da kyau. Idan ta ambaci zanga-zangar da ranarta, aikin ya zo da sauƙi. Idan kuwa cewa kawai ta yi ka ƙona kwandon shara, sai lauyanka ya nuna alaƙar abin da fafutukar. Kotun da ta yanke hukuncin ita ce za ta zartar da afuwar, ba ofishin baƙi ba, saboda haka can za a kai buƙata. In ba ka da halin biyan lauya, nemi na kyauta a ƙungiyar lauyoyin Basalona.

A ganina, kada ka yi garajen miƙa takardar neman zama ɗan ƙasa. Shekara 10 da doka ta nema ka cika, amma ana kuma duba kyawun hali, kuma da wannan tabon a rajista za a iya dawo maka da ita. Bari afuwar ta fito, ka karɓo sabuwar takardar shaidar rashin laifi daga Ma'aikatar Shari'a, ka ga da idonka an goge, sannan ka nema.