Tambayi Kawu: Neman kuɗi ya kawo mu Legas ko yasar kwata?

Jama'a salamu alaikum, ya ruwan nan. Wasiƙu sun taru da yawa wannan karon, yawanci na aure ne da na bashi kamar kullum, amma na ɗan ajiye su gefe na ɗauko guda uku da suka daɗe suna kallona a kan teburi. Masu na aure ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, shekarata shida ina sayar da tumatir da attaruhu a rumfar yayana. Abin da ke damuna kwatar da ta bi ta bayan layinmu ce, ta cika da leda da ruɓaɓɓen kaya har ta daina tafiya, ruwa kaɗan in an yi sai ya shigo mana har ƙarƙashin teburi, ga wari ga ƙuda. Na tara yara biyar muka ce za mu riƙa yashe ta, sai wani dattijo a layin ya kira ni ya ce wai neman kuɗi ya kawo ni Ikko ko gyaran garin mutane, kuma ai kullum muna biyan kuɗin shara, don me zan yi wa gwamnati aikinta kyauta. Gaskiya jikina ya yi sanyi, yaran ma biyu sun zame. Kawu in ci gaba ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka raina maganar dattijon nan, rabinta gaskiya ce, wanda ya karɓi kuɗin shara dole ya kwashe shara, kuma kuna da ikon ku tsaya ku tambaya ina kuɗinku ke zuwa. Inda muka rabu da shi wajen "garin mutane" ne. Ka tambaye shi cikin ladabi shekararsa nawa a nan, ina kyautata zaton ya haura 30, a nan ya aurar da 'ya'ya, a nan jikokinsa ke rarrafe. Mu Hausawan kurmi muna da wannan ciwon wallahi, mutum ya shekara 40 a Agege ko Idi-Araba yana cewa shi baƙo ne gobe zai koma gida, ya gina gida mai kyau a can arewa ƙadangaru na kwana ciki, shi kuma yana nan yana kwana a bakin kwata. To sauro dai ba ya tambayar ɗan wace jiha ne kai kafin ya cije ka.

Kuma ku 'yan Mile 12 ai ba sai an ba ku labari ba, a watan Oktoban 2023 gwamnatin jiha ta rufe kasuwar tare da ta Owode Onirin saboda ƙazanta. Kwanaki kaɗan aka yi aka buɗe, amma kai ka san abin da kwana biyu ke yi wa tumatirin da ya riga ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano a bayan tirela. Wa ya yi asarar? Sannan a watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, ƙaramar hukumar Kosofe inda kasuwarku take tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Don haka wannan kwatar tana cikin lissafin jarinka ko ka so ko ka ƙi.

Sai dai ka rarrabe ruwa biyu don kar ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Akwai ambaliyar da ke zuwa in an saki ruwan madatsar Oyan a jihar Ogun, kogin Ogun ya cika ya malalo Isheri da Agiliti da yankinku, ko kuma a yi ruwa mai ƙarfi daidai lokacin da teku ya tumbatsa, ruwan gari ya rasa inda zai zuba tunda Legas a kwari take. Wannan kam shebur ɗinka ba zai yi masa komai ba. Amma ruwan da ke shigo maka ƙarƙashin teburi daga an ɗan yi yayyafi, wannan leda ce da robar lemo da ganyen kabeji suka toshe hanya, kuma shi ne naka.

Bari in ba ka labarin kunyar da muka sha a layinmu, don kar ka maimaita. Wata Asabar muka fito mu kusan ashirin, da shebur da manjagara, muka yashe kwatar tun daga bakin masallaci har wajen mai shayi, muka tara baƙin taɓo tsibi tsibi a gefen titi, aka dafa mana shinkafa da wake muka ci, yara suka ɗau hotuna aka watsa a WhatsApp ana ta sambarka. Ba wanda ya yi tunanin wa zai kwashe tsibin. Cikin dare aka tafka ruwa, da asuba na fito masallaci na tarar komai ya koma inda muka ciro shi, har wani silifa ja da na tuna ni da hannuna na tsamo shi, yana nan yana yawo a kan ruwa yana min dariya. Tun ranar na gane yasa ba ita ce aikin ba, kwashewar ce. Kafin ku sa shebur ku tabbatar kun yi magana da masu motar sharar da ke kula da layinku, ku san ranar da za su zo, ku zuba taɓon a buhuna ya tsane, ba a tara shi a buɗe ba.

Kuma kar ka yi gaban kanka. Kasuwa tana da shugabanni, ka je wa shugaban sashenku, ka ce ku dai matasa kuna neman izini da albarka. Safiyar Alhamis da ake tsaftar kasuwanni a Legas ba a buɗe rumfa da wuri, yawancinku zama kuke a kan benci kuna hira har lokaci ya cika, to ga lokaci nan kyauta ba sai ka bar ciniki ba. In an ce za a yi karo-karo na sayen safar hannu da takalmin ruwa, kar kuɗin ya kwana a aljihunka ko na dare ɗaya, a ba dattawa biyu su riƙe, don ba abin da ke kashe aikin gayya kamar a ce yaron nan ya samu hanyar ci. Ni da ni ne ma dattijon nan da ya yi maka faɗa shi zan roƙa ya riƙe kuɗin, ka ga ya zama uban tafiya, bakinsa ya mutu.

Abin da ya fi yasar ma amfani shi ne a rage abin da ke faɗawa ciki. Ganyen kabeji da na karas masu kiwo suna so, a ware musu buhu. Ledar fiya wata da robar lemo kuɗi ne a wajen 'yan jari bola. In kuma kana da bakin magana da masu turo muku kaya, ka riƙa nuna musu bambancin tumatirin kwando da na kiret, wanda aka jibga a kwando na ƙasa ya riga ya zama miya kafin a wuce Ilorin, kuma wannan miyar ita ce warin da kake ji. Yara ukun da suka rage sun ishe ka farawa.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni akanta ce a wani kamfani a Ikeja, ina zaune a Agege da mijina da yara uku. Kamfaninmu sau ɗaya a shekara ake raba mana riguna a kai mu bakin teku mu tsinci roba na awa biyu, a ɗau hoto a sa a Facebook, shikenan sai baɗi. Raina ba ya kwanciya da wannan, ina so in yi wani abu na gaske musamman wa matan unguwarmu, amma Abban yara ya ce Asabar ɗaya ce yake ganina a gida ba zai yarda in shiga wata ƙungiya ba. Ya zan yi?

AMSA: 'Yata, Abban yara bai yi laifi ba, wanda ya san go-sulon Legas ya san Asabar tsada gare ta. Kuma ni ban ga abin da zai kai ki wata ƙungiya mai nisa ba alhali abin da aka fi buƙata yana cikin kanki. Ke akanta ce fa. Matan layinku nawa ne ke adashi ba littafi, sai an zo kwasa a yi ta rigima? Masu ƙosai da masu ɗinki da masu sayar da atamfa bashi nawa ne ba su san ko riba suke ci ko uwar kuɗi ba? Islamiyyar da yaranki ke zuwa, wa ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita? Awa ɗaya bayan la'asar ranar Lahadi, a tsakar gidanki, da littafi mai layi da biro, ba inda kika je kuma Abban yara yana jin muryarki daga ɗaki.

In kin saba da su za ki ga wasu ramukan da ba a faɗa. Yara da yawa a unguwanninmu ba su da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, sai an zo shiga makaranta ko neman NIN ido ya raina fata. Akwai inshorar lafiya ta jiha da ake kira Ilera Eko, mata da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Ke da kika iya cike fom, wannan ba komai ba ne a wajenki, a wajen wata kuwa shi ne bambancin haihuwa a asibiti da haihuwa a ɗaki.

Batun kamfani kuma kar ki je ki ce wa manaja aikinsu na hoto ne, ko da kuwa na hoton ne, ki kai masa lissafi tunda shi ne yarensu. Kuɗin riguna da mota na yini ɗaya ga shi, ga kuma abin da wannan kuɗin zai yi in an ajiye buhunan tara roba a ofis duk shekara ana miƙa wa masu sarrafa ta. Irin wannan ba sabon abu ba ne a garin nan, wata baiwar Allah Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa Wecyclers a 2012, da kekuna suka fara bin unguwannin talakawa suna karɓar roba da leda suna ba mutane maki da za su canza da kaya. Kuma tun Janairun 2024 jihar ta haramta farin mazubin abincin nan na tekawe mai kama da soso, don haka in har yanzu da shi ake kawo muku abinci a ofis, kin ga wurin farawa tun kafin a je bakin teku. In sun ƙi, kin dai faɗa, kar ki sa aikinki a haɗari a kan wannan.

TAMBAYA: Kawu ni jari bola nake yi a wajen Ojota. Ina jin ana ta maganar masu kare muhalli a rediyo, mu da muke kwashe roba da ƙarfe kullum ba a taɓa sa mu ciki ba sai dai a kira mu ɓarayi. Shin namu ba ya cikin lissafi ne?

AMSA: Yana ciki mana ɗana, hukumar kula da shara ta jiha, LAWMA, da kanta tana cewa Legas na fitar da shara kusan tan 13,000 a kullum, duk wanda ya wuce ta Ojota ya shaƙi warin bolar Olusosun ya san ba wasa ba ne, kuma robar da ka tsinta yau ta fi wadda masu riguna ke tsinta a shekara. Amma sunan ɓarayin nan wasunku ne suka jawo muku, mai sayen murfin ramin titi da wayar wuta da ƙarfen gada ya san ba a bola aka tsinto su ba, in an kawo maka ka ce ba ka saye, ko da riba ta kai riba.

Abin da ya fi damuna jikinka ne. Ku daina ƙona waya don ciro jan ƙarfe, baƙin hayaƙin nan huhunka yake zama, a fere ta da wuƙa ko da za a daɗe. Batirin mota kuma kar ka fasa shi a inda kake kwana ko inda yara ke wasa, dalma ce a ciki, kuma mu 'yan arewa mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 ta kashe a ƙauyukan da ake daka dutsen zinare a cikin gida. Kayan aikinka daban, kayan da kake rungumar ɗanka da su daban. Ka sayi safar hannu mai kauri, ka bar shiga bola da silifa, sannan ka samu wata safiya ka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da kai ka ce allurar rigakafin tetanus kake so, ka gaya musu sana'arka, za su faɗa maka ranar da za ka dawo a yi maka ta biyu.